Magen titi mai ciki ta zo gidanki? Ga yadda na riƙi tawa da 'ya'yanta a Jidda

Mu mazauna Jidda ba sai an ba mu labarin yawan maguna ba, duk bakin zibala, wato bola, da ka wuce sai ka ga biyar ko shida suna tono, bare tun bayan rusau ɗin 2022 da aka tashi unguwannin Karantina da Gulel da Sabil da su Kandara, mutane suka watse kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, magunan da ke cikin gidajen kuma aka tafi aka bar su a kango. Mu ma rusau ɗin ne ya maido mu unguwar da muke yanzu. Toh a nan ne wata baƙar mage ramammiya ta fara kwana ƙarƙashin matakalar imararmu, wato benen da muke ciki, cikinta ya yi gaba ita ta yi baya, yarana suka sa mata suna 'Yar Rusau. Ita na riƙe har ta haihu ta yaye, kuma abin da na koya a kanta shi nake so in faɗa wa duk 'yar uwar da irin wannan baƙuwar ta sauka a ƙofarta.

Kafin ita na taɓa tsintar wani ɗan jariri shi kaɗai a bayan tankin ruwa, tausayi ya kama ni na ɗauke shi nan take, na dinga ɗura mishi madarar shanu da cokali, kwana biyu zawo ya kashe shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, sabida daga baya na gane wataƙila uwarsa neman abinci kawai ta tafi. Shi ya sa maganata ta farko ita ce: ke ki kula da uwar, uwar ta kula da 'ya'yan. Ba ruwan nonon da zaki siyo da zai kai nata, ba bargon da zai kai ɗumin cikinta.

Ki fara gane wace iri ce ta zo miki, dan ba duk magen waje ce 'yar titi ba. Wadda ta taɓa zaman gida zaki ga tana miki kuka, tana ɗaga wutsiya sama in ta hango ki, tana fitowa da rana tsaka, ko ba ta yarda kin taɓa ta ba tana zagaye ƙafarki. Wannan cikin sati ɗaya biyu ta sake. Amma wadda a titi aka haife ta ta girma ba hannun mutum, ita ba ta yi miki miyau, ba ta haɗa ido da ke, tana lafewa a ƙasa kunnuwa a kwance, sai dare take fitowa, in kin matsa ta yi huci. Wannan ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi, kuma ba mugunta ba ce tsoro ne. 'Yar Rusau irin ta biyun ce, wata huɗu tana cin abincina amma ko sau ɗaya ban shafa bayanta ba, kuma ki sa a ranki ke ma hakan na iya faruwa da ke.

In kuma 'ya'yan kika fara gani ba uwar, dan Allah kar ki yi saurin kwashewa. Uwa tana barinsu awa uku huɗu ta je neman abinci, wani lokacin ma tana laɓe tana kallonki, tsayuwarki ce ta hana ta zuwa. Ki duba su daga ɗan nesa, in cikinsu a cike yake, jikinsu tsaf, sun dunƙule waje ɗaya suna barci, toh akwai mai kula da su. Ki barbaɗa fulawa kewaye da wajen ki tafi, bayan 'yan awanni ki dawo ki ga ko akwai sawun ƙafa. Sai dai in rana na dukansu kai tsaye, ko suna bakin hanyar mota, ko ruwa zai iya cin wajen irin ruwan saman da ke zo mana wajen Nuwamba, ko kin ga suna ta ihu jikinsu duk datti da tururuwa, wannan kam ba jira, ki matsar da su inuwa kusa da wajen yadda uwar za ta gansu. Maganar da ake yi wai in ka taɓa ɗan mage uwar za ta ƙi shi ba gaskiya ba ce, abin da take yi shi ne ta canza musu maɓoya in ta ga an dame ta.

Kafin ki shigo da ita ki yi magana da maigida da haris, wato mai gadin benen, kar ki yi a ɓoye, dan aikin wata uku ne ba na kwana uku ba. Ni maƙwabciyata ce ma ta fara tare ni, dattijuwa ce da muka taso tare daga tsohuwar unguwa, ta ce “'yar nan, baƙar mage fa zaki sa a gidan yara, kin san abin da ake faɗa.” Na ce “Hajiya ai ku kuka koya mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu a gida, kuma bai ware baƙa ko fara ba.” Ta yi shiru ta ce “Allah ya ba ki lada toh.” Ita ce daga baya take aiko min da tsofaffin zannuwa na shimfiɗa. Amma ki tuna da ɗayan hadisin ma, na matar da ta shiga wuta sabida ta kulle mage ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. In kin rufe ta a ɗaki, cinta da shanta sun hau wuyanki, ba ranar da zaki ce kin manta ko kin tafi Makka umra kin kwana biyu ba wanda ya leƙa ta.

Kamun: kar ki kama da hannu, kar ki sa yara su bi ta da bargo. Ki saba mata da cin abinci waje ɗaya lokaci ɗaya, ni bayan isha'i nake ajiye mata, har kwana biyar ko sati. Daga nan sai ki nemo kejin tarko, wanda ƙofarsa ke rufe kanta in ta taka, wasu asibitocin dabbobi da masu taimakon maguna suna ba da aro. Kwana biyu ki dinga sa abincin a cikinsa ƙofar a ɗaure yadda ba za ta rufe ba, ranar da zaki kama sai ki rage mata abincin rana ki sa abu mai ƙamshi kamar sardin can ƙurya. Tana shiga ya rufe ki yi maza ki lulluɓe kejin da tawul babba, duhu ne ke kwantar mata da hankali, in ba haka ba za ta dinga dukan ƙarfen har ta fasa hanci. In ta riga ta haihu, ki sa 'ya'yan a wani ƙaramin keji a rufe ki jingina shi a bayan tarkon ki rufe su tare da zani, yadda ba ta da hanyar zuwa wajensu sai ta cikin tarkon, kukansu ne zai jawo ta. Kuma kar ki bar tarko a waje ki tafi, a zafin garin nan minti kaɗan ya isa ya illata ta.

In tsautsayi ya sa ta cije ki ko ta yage ki har jini ya fito, ki wanke da sabulu ƙarƙashin famfo na tsawon minti 15, sannan ki tafi asibiti a ranar, ba gobe ba. Haƙorin mage siriri ne kamar allura, ramin yana rufewa da wuri ƙwayar cuta na ciki, hannu na iya kumbura cikin kwana ɗaya, ga maganar allurar tetanus da ta ciwon haukan kare da likita ne zai yanke ko kina buƙata.

Ɗakin da zaki sa ta ya zama ƙarami mai ƙofa, sito ko banɗakin da ba a amfani da shi, ki toshe duk wani lungu da za ta iya shigewa, bayan injin wanki, ramin magudana, tagar da ba raga. Ki samo kwali babba a bagala, wato kantin unguwa, ki yanke ƙofa a gefe amma ki bar baki kamar tsawon tafin hannu daga ƙasa dan 'ya'yan kar su gangaro, ki bar saman a rufe. Shimfiɗa kuma tsohon zani ko bargo mai laushi, banda tawul mai zare-zare sabida farcen jariran ba ya komawa ciki, yana maƙalewa. Abinci da ruwa kusa da kwalin, bahon yashinta kuma can ɗaya kusurwar. In ba ta gane yashin siyarwa ba ki barbaɗa ƙasar waje kaɗan a sama, za ta gane. In kina da wasu maguna a gida kar su haɗu ko kaɗan aƙalla sati biyu. In kuma ke kina da juna biyu, kwashe kashin ya zama aikin wani, sabida akwai wata ƙwayar cuta a kashin mage da ke iya taɓa ɗan cikin, kuma sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye take zama mai kamawa, shi ya sa ake kwashewa kullum a wanke hannu. Amma zancen wai gashin mage yana hana mace haihuwa, wannan ba shi da tushe.

Yanzu maganar da ta fi damuna a garin nan, zafi da sanyi. Ɗan mage har ya kai sati uku zuwa huɗu jikinsa ba ya iya riƙe ɗumin kansa, duk yanayin da ka sa shi haka jikinsa zai koma. Mu kuma gidajenmu biyu ne, ko mukayyif, wato AC, na ta bugawa a digiri 18 ko kuma suduhi, wato saman bene, inda ƙarfe ke ƙona hannu da azahar, kuma duka biyun suna kisa. Mutane da yawa suduhi suke kai kwali wai dan kar ta ɓata gida, wallahi a watan Yuli wannan tanda ce kika sa su. Wasu kuma falo suke ajiyewa iskar mukayyif na dukansu kai tsaye, da safe a tarar sun sandare. Abin da ake so, ɗakin ya zama kamar digiri 25 zuwa 27 in uwar na tare da su, in kuma marayu ne cikin kwalin ya kai 30 zuwa 32 a satin farko, ana ragewa a hankali. Ni ƙofar siton nake ɗan buɗewa ta samu sanyin koridon ba tare da iska ta shiga kai tsaye ba. In kin ga sun watsu kowa ya miƙe nesa da ɗan uwansa baki a buɗe, zafi ne, in sun hau kan juna suna ta kuka, sanyi ne.

Abincin uwar kar ki yi mata ƙwauro. Mai shayarwa tana cin ninki biyu har uku na abin da ta saba, ki ba ta abincin 'yan maguna ƙanana, wanda aka rubuta na kitin a jiki, busasshen ya kasance kullum a kwano, na gwangwani ko na leda sau biyu uku a rana, ruwa mai kyau kuma kar ya yanke. In aljihu ya yi nauyi ki dafa kaza ko ƙwai ki haɗa mata, ba gishiri ba magi ba albasa ba tafarnuwa, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini. Sabida haka ragowar kabsa da bukhari da burost ba abincinta ba ne, ga yaji ga ƙashin kaza dafaffe da ke tsagewa ya soke ta. Madara da laban, wato nono mai tsami, ma ki bari, mafi yawan manyan maguna zawo suke sa su. Tunar gwangwani ta mutane dan jawo ta tarko ba laifi, amma ba abincin kullum ba.

Akwai abubuwan da ke gidan kowa da ke kashe mage, ki rubuta ki manna a ƙofar ɗakin in da hali. Panadol, ko rabin ƙwaya ne, hantarsu ba ta iya sarrafa shi, yana kisa. Maganin ƙuma na karnuka, da yawansu akwai sinadarin famitirin a ciki, shi ma guba ne gare su. Dettol da su fenik kar ki goge ɗakin da su dan suna takawa su lashe ƙafa, ruwa da sabulu ya isa, ko Clorox da aka tsinka da ruwa sosai a ɗauraye a bari ya bushe kafin su taka. Turaren wuta da fif-fif ɗin sauro ma ki nisanta da ƙofarsu, na san mu da turare sai Allah, amma huhun jariran bai kai kan ɗan yatsa ba.

Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, wajen sati tara. In haihuwa ta matso zaki ga ta ƙi abinci, tana shiga kwali tana fita tana tona shimfiɗa, nonuwa sun ciko. Ki kashe fitila ki fita, kina leƙawa jefi-jefi ba surutu, kuma ki hana yara, dan mage in ta tsorata tana iya tsayar da naƙuda. Ita za ta fasa jakar, ta lashe ɗan, ta datse cibiya, ta cinye mabiyiya, duk wannan daidai ne. Tsakanin ɗa da ɗa minti goma ne zuwa awa ɗaya, wani lokacin ta huta ta daɗe kafin ta ci gaba, in tana kwance lafiya tana shayarwa ba matsala. Inda zaki ɗauke ta sai likitan dabbobi shi ne in ta fi rabin awa tana nishi da ƙarfi ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale rabi a waje, ko jini na zuba sosai, ko ruwa mai wari. Ki nemi lambar asibitin da ke buɗe da dare tun kafin ranar. 'Yar Rusau tsakanin magariba da asuba ta sauke huɗu, ni dai motsi kawai nake ji ta bayan ƙofa ina ta addu'a.

Ranar farko ki tabbata kowanne ya kama nono, sabida dakashi. Nonon farkon nan shi ne rigakafinsu, kuma hanjinsu a cikin kwanan farko kaɗai yake iya ɗaukar amfaninsa, in ya wuce ya wuce.

Daga nan sai sikeli. In abu ɗaya zaki siya ban da abinci toh ki siyi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, sabida ido yana ruɗi, jariri na iya kwana biyu yana ramewa kina ganin kamar lafiya lau. Ana haifarsu da giram 85 zuwa 115 galibi, kuma kowace rana ya kamata a ga ƙarin giram 10 zuwa 15, cikin sati ɗaya zuwa kwana goma nauyin ya ninka. Ki auna kullum lokaci ɗaya, ki sa ɗan zani a roba ki ɗora shi, ki rubuta a takarda, in kamarsu ɗaya ki bambanta su da tabo ko launin ƙafa. Rana ɗaya bai ƙaru ba ki sa ido, kwana biyu bai ƙaru ba ko ya ragu, toh lokacin sa hannunki ya yi. Yadda nake kaiwa gare su kuwa, sai na jira ta fito cin abinci in sa wani faffaɗan kwali in tare tsakaninta da su, da safar hannu mai kauri, in auna a nan gabanta cikin minti biyu in mayar. Tana huci amma tana ganinsu, kar ki fita da su daga ɗakin.

Sikelin ne ya nuna min autan, wani ɗan toka-toka da aka haifa da giram 88, rana ta huɗu 'yan uwansa sun haura 130 shi yana 95, kullum sai su ture shi daga nono. Ban raba shi da uwar ba, ƙari kawai na dinga yi mishi. Madarar da ake ba su ta musamman ce ta 'yan maguna, garin gwangwani, akwai ta Royal Canin akwai KMR akwai ta Beaphar, a shagunan kayan dabbobi da asibitocinsu ake samu ba a saidaliyya, wato kemis ɗin mutane, ba. Madarar shanu da Nido da ta jariran mutane duk ba su dace ba, sukarin madara ya musu yawa maiƙo da abin gina jiki sun yi kaɗan. In dare ne ba yadda zaki yi, nonon akuya ya fi na shanu dama, na kwana ɗaya kawai kafin gari ya waye. Ki dama yadda aka rubuta a gwangwanin, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji ɗumi-ɗumi, abin da ya rage a firij kar ya wuce awa 24. Ɗa mai giram 100 mil 3 zuwa 4 ya ishe shi a zama ɗaya, maraya duk bayan awa biyu zuwa uku har cikin dare a satin farko, sati na biyu da na uku a ɗan buɗa tazarar. Da sirinji mara allura ko 'yar fidarsu, kuma nan ne wajen da aka fi yin kuskure: kar ki kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum. Ruf da ciki zai kwanta a kan cinyarki kansa a ɗan ɗage, yadda yake yi a jikin uwarsa, kina ɗiga kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa da kansa. In kin matsa da ƙarfi madarar ta bi ta huhu, zaki ga tana fitowa ta hanci, wannan ke kawo ciwon huhun da ke kashe su, in kin ga haka ki dakata nan take.

Maraya kuma ba ya iya fitsari da kashi da kansa sai wajen sati uku, uwa ce ke lasar wajen. Sai ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki dinga shafa ƙasan wutsiyar a hankali bayan kowane ci har ya yi, ki goge ki busar. Fitsari kowane lokaci, kashi kamar sau ɗaya a rana, in ya kwana biyu babu ki tambayi likita.

In kin ɗaga ɗa kin ji shi sanyi ƙalau ya saki jiki, kar ki ba shi madara, cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai. Ɗumi tukuna, kuma a hankali, ki naɗe shi a zani ki sa cikin rigarki, ko ki zuba shinkafa a safa ki ɗuma ta ki naɗe da tsumma ki ajiye gefensa, ba jikinsa kai tsaye ba. Ki shafa mishi ruwan sukari ɗan kaɗan a dasashi da yatsa duk bayan 'yan mintuna kina hanyar asibiti. Kuma in faɗa miki gaskiya, wani duk abin da kika yi sai ya tafi, akwai waɗanda da ciwonsu aka haife su. Nawa autan Allah ya raya shi, kwana tara ina mishi ƙari kafin ya fara ƙwatar nono da kansa.

Ƙuma kuwa kusan duk magen titi da ita take zuwa, kuma a jikin ɗa mai giram 150 jinin da suke sha na iya ƙarar da shi, ki duba dasashinsa, in ya yi fari fat maimakon ja-ja da matsala. Jarirai ba a ɗiga musu magani, mataji mai ƙananan haƙora zaki sa ki dinga tsefewa kina jefa ƙumar a ruwan sabulu, kina canza shimfiɗa duk kwana biyu. Uwar kuma likita ya ba ki wanda ya dace da mai shayarwa. Ido in ya kumbura ko kwantsa ta manne shi ki jiƙa da auduga da ruwan ɗumi, kar ki ɓamɓare da ƙarfi, ki kai a ba da maganin ido dan mugunya na iya makantar da shi cikin kwanaki. In kin ga gashi ya zube waje ɗaya a zagaye kamar kwabo, makero ne mai yiwuwa kuma yana kama yara, a dinga wanke hannu. Ita ma uwar ki lura, in ta daina cin abinci, ko nono ɗaya ya yi tauri ya yi ja ta ƙi bari a sha, ko jikinta na rawa tana tangaɗi, asibiti a ranar.

Cibiya tana faɗuwa kwana uku zuwa biyar, ido ya buɗe tsakanin kwana 7 da 14, duka shuɗi ne da farko sai wajen sati bakwai ya canza, sati uku haƙora su fara tsirowa kunnuwa su miƙe, sati huɗu sun fara fitowa daga kwali suna tangal-tangal. Tsakanin sati biyu da sati bakwai ɗin nan shi ne lokacin da ɗan mage ke yanke hukunci a kan mutum, ko aboki ne ko abin gudu. In ya wuce ba hannun da ya taɓa shi, toh shi ma ɗan titi zai zama ko a kan gadonki ya girma. Sai ki dinga ɗaukar kowanne kullum, minti kaɗan da farko kina ƙarawa, kina mishi magana, yara ma su zauna a ƙasa a ɗora musu a cinya, su ji muryar namiji, su ji ƙarar tukunya da famfo. Matsalar uwa 'yar titi ita ce tana koya musu huci, na ga hakan da idona a sati na biyar, babbar cikinsu ta fara min fuu irin na uwarta sak. Shi ya sa in uwar ba ta sake ba sam, da zarar sun iya ci da kansu wajen sati shida ake mayar da su wani ɗakin.

Yaye daga sati huɗu zuwa biyar yake farawa, ki dama abincin gwangwani da madararsu ya yi kamar kunu a faranti mara zurfi, ki shafa kaɗan a leɓensa ya lasa, za su taka ciki su yi kaca-kaca ki goge su ki busar. A lokacin ne zaki ajiye musu tire mai gajeren baki da yashin da ba ya dunƙulewa, dan suna ɗanɗana shi, mai dunƙulewar yana toshe hanji. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun sati biyu zuwa uku a maimaita, likita ne zai auna gwargwadon nauyi, kar ki yi kintace. Rigakafin farko sati shida zuwa takwas, wanda a nan suke ce wa sulasi ko ruba'i, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu, ta haukan kare kuma daga wata uku.

Sai ta'aƙim, aikin hana haihuwar, wanda na san nan ne wasunmu ke ja da baya. Mage tana iya ɗaukar wani cikin tana kan shayarwa, 'ya'yanta mata kuma daga wata huɗu biyar sun isa ɗauka, in kin sake ta haka nan bayan wata uku ga ta ƙarƙashin matakala da wani cikin, jikinta ya ƙara lalacewa. Ni sai da na nemi maganar malamai kafin hankalina ya kwanta, Shaihu Ibn Usaimin ya ce in maguna sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai cutar da su ba toh ba laifi, ya fi a bari a haife su sannan a kashe. Akwai masu ganin barinsa ya fi, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ana yi kamar sati biyu bayan yaye in nono ya ƙafe, ana sa mata maganin barci, kuma ki ce a ɗan datse mata kan kunne ɗaya tana cikin barcin, alama ce da ke nuna an riga an mata dan kar wani ya sake kamawa a sake buɗe ta.

Bayan aikin ta huta kwana biyu zuwa uku a keji, ko yadda likita ya ce, in ta gida ce ki riƙe ko ki nema mata gida, in 'yar titi ce ki mayar da ita daidai inda kika kama ta. Kar ki kai ta kasuwar kifi ta Bangala ko Kurnish, bakin teku, wai can akwai kifi, magunan can suna da iyakarsu za su kore ta, ita kuma za ta yi ta neman hanyar gida tana tsallaka titi. 'Ya'yan kar ki bayar kafin sati takwas, in kin iya kaiwa sha biyu ya fi, kuma kyauta, ki tambayi mai karɓa ko maigidanta ya yarda, tagoginsu akwai raga, wa zai riƙe in sun yi tafiya gida Najeriya ko Nijar hutu. Biyu daga cikin nawa tare na bayar gida ɗaya a Makka, ɗaya tana wajen 'yar Hajiya, autan yana nan wajena. 'Yar Rusau kuma da asuba na buɗe mata kejin a ƙarƙashin matakalar, ta fita a guje ba ta waiwayo ba, kwana huɗu ban gan ta ba, rana ta biyar bayan isha'i na fito da kwano na tarar da ita zaune a wajen da na saba ajiyewa.